Ranar da Sahun Gaba Ya Yi Shiru

Shekara biyu da wata huɗu Bodil Kragh ta yi tana buɗe baki a inda waƙa ta fi hawa sama ba tare da ta fitar da ko ɗigon sauti ba, kuma babu wanda ya ce mata kanzil. Ta ƙware a abin. Ta san yadda ake ɗaga gira, a miƙe wuya, a ɗan lumshe ido kamar wadda zaƙin muryarta ya kwashe. Bara har jaridar garin ta buga hotonta, baki a wangale, aka rubuta a ƙasa cewa ita ce ginshiƙin ƙungiyar mawaƙan. Ta yanke hoton ta manna a jikin firij.

Abin da ya tona asirin ba wani babban abu ba ne. Signe ce ta sami aiki a birnin Aarhus, za ta bar garin.

Signe ma'aikaciyar jinya ce, 'yar shekara ashirin da shida, wadda ke tsayawa a ƙarshen sahun gaba, sahun mata masu siririyar murya. Su huɗu ne a sahun: Signe, Bodil, ƙawarta Gunhild, da Tove matar tsohon likitan dabbobi. In aka cire Signe, ƙaramarsu ta haura sittin. An yi wa yarinyar kek na bankwana, aka ba ta furanni, kowa ya ce za a yi kewarta, ba tare da wani ya san iyakar gaskiyar maganar ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, saura mako uku bikin waƙar Kirsimeti, mutum ashirin da tara suka jeru sahu huɗu a zauren da ke bayan coci. Ƙarfe uku na rana ne amma an kunna fitilu, ruwa na dukan tagogi a karkace. Asger, matashin da ƙungiyar ta ɗauka yake jagorantar waƙa, ya ɗaga hannu aka shiga waƙa ta uku. A cikinta akwai wani wuri inda sauran sahu ukun ke ɗaukewa, a bar sahun gaba shi kaɗai ya hau can ƙololuwa, ya tsaya har a ƙirga huɗu.

Aka iso wurin. Bodil ta ja numfashi, ta ɗaga gira, ta buɗe baki. Babu abin da ya fito, kamar kullum. Sabon abu shi ne, babu abin da ya fito daga ko'ina. Baki uku a buɗe, wuya uku a miƙe, kuma ana jin bututun ɗumama ɗaki yana ƙas-ƙas a jikin bango.

Bodil ta juya a hankali ta dubi Gunhild. Ta tarar Gunhild na kallonta. Tove kuwa silin take kallo, kamar sautin ya maƙale a can.

Asger ya sauke hannu. "Mu sake," in ji shi.

Aka sake. A wannan karon Tove ta yi ta maza, ta fitar da wani abu mai kama da kukan ƙyauren da bai ga mai ba tun bazara. Wani daga sahun maza ya fara dariya ya mayar da ita tari.

Asger ya dubi agogo, duk da cewa saura rabin awa lokacin hutu. "A je a sha kofi. Bayan kofi ina son jin sahun gaba a ƙaramin ɗaki. Ɗaya bayan ɗaya."

Kowa a zauren ya san ma'anar wannan, amma babu wanda ya kai Bodil sani. Doka ta tara ta ƙungiyar ta ce duk wanda ya kasa kai muryar sahunsa, sai ya yi bankwana. Ba a sauya sahu. Bodil ce ta rubuta ta, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, lokacin tana sakatariya, tana da shekara talatin da tara da maƙogwaro mai kyau da ra'ayi a kan komai. Ta rubuta ta ne saboda wata tsohuwa, Agnete Holm, wadda muryarta ta fara rawa. An ba Agnete furanni da tulun sa furanni. Ba ta sake taka zauren ba har ta rasu. 'Yarta Ragna har yau tana waƙa a sahu na biyu, daidai bayan Bodil, kuma a duk tsawon shekarun nan gaisuwa ce kaɗai ke haɗa su.

Bodil ta ɗauki kofi, ta ajiye ba ta sha ba. Shekararta sittin da uku. Mijinta ya mutu, ɗanta na Kanada yana kiranta ranar Lahadi in bai manta ba, kantin maganin da ta yi wa aiki shekara talatin ya sallame ta da kek, don a garin nan da kek ake korar mutum. A cikin kwana bakwai na mako, Asabar ce kaɗai ranar da in ba ta fito ba wani zai lura.

Ta sami Gunhild a kicin tana wanke cokalin da babu abin da ya taɓa shi. Ta tura ƙofar.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ke Gunhild, kar ki raina mini hankali."

Gunhild ta ajiye cokalin. "Shekara uku."

"Uku! Ni da nake ɓuya a bayanki shekara biyu?"

"A bayan wa? Ni ce nake bayanki! Ina ganin yadda kike lumshe idon nan, na ce oh ni, matar nan ba ta tsufa. Har haushinki nake ji."

"Kenan yarinyar nan ita kaɗai take ɗauke da mu."

"Mu kuma muna cewa ta cika ƙara."

Da a wata rana ce da sun yi dariya har su riƙe ciki, ko da yake yanzu irin wannan dariyar sai mutum ya fara duba inda banɗaki yake. Bodil ta jingina da firij. Zafin nan da ke taso mata daga ƙirji, wanda likita ta rantse zai daina shekara goma da suka wuce, ya zaɓi wannan lokacin ya dawo. Ta ɓalle maɓallin wuya.

"Komai nawa ya sauka ƙasa, Gunhild. Kumatu, fatar ido, nono kuwa ba a magana. Gashin kaina ma ya sauko haɓa. Ban ce uffan ba. Murya ce kaɗai na ɗauka za ta zauna inda na ajiye ta."

"To ai sai ki bi ta da addu'a. Ni dai mura nake yi."

"Wace mura?"

Gunhild ta yi tari sau biyu, na gwaji, ta saurara, ta ƙara na uku mai ɗan zurfi. "Wannan."

"Ashe ni ma ina jin maƙogwarona..."

"A'a, malama. Na riga ki. Mutum biyu da mura a sahu ɗaya, yaron ba wawa ba ne. Tove kuma ta ɗauki haƙora, ta ce sababbin da aka sa mata ne ke zamewa. Ki nemi naki."

"Shekara arba'in muna tare, ki hana ni mura?"

"Na ba ki aron mota, na ba ki aron riga ranar jana'izar mijinki. Mura ce dai ba zan bayar ba."

Holger, shugaban ƙungiyar, tsohon direban bas wanda bai taɓa yarda an yi latti a gabansa ba, ya buga kofi da cokali a zauren. Hutu ya ƙare.

Suka zauna su uku a kan benci a bakin ƙaramin ɗakin, kamar 'yan makarantar da suka fasa taga. Sauran mutane suka koma sahunsu suna nazarin takardun waƙa da natsuwar da ba su taɓa nunawa ba. Tove ta shiga, hannu a kan baki, ta fito bayan minti biyu. Gunhild ta shiga da tarinta, wanda ya ƙara inganci tun daga kicin, ta fito da alewar maƙogwaro a kunci. Ba ta dubi Bodil ba.

Bodil ta shiga. Piyano ne a ɗakin, da kujera ɗaya, da kwalayen kayan wasan yara. Asger na zaune, kunnuwansa sun yi ja. Shekararsa talatin da ɗaya, ya yi karatun waƙa shekara shida a birni, amma babu wanda ya koya masa yadda ake korar sa'ar uwarsa.

"Bodil," ya ce, yana kallon maɓallan piyano, "na ji ana mura a gari. In ke ma ba ki jin daɗi, ba dole sai yau ba. Zan roƙi Signe ta zo mana ranar bikin. Sai in saurare ku a watan Janairu."

Ga ƙofa ya buɗe mata, har da riƙe mata ƙyaure. Tari ɗaya kawai take buƙata. Ta ji shi ma a maƙogwaronta, a shirye. Mako shida za ta samu: mako shida na ɗaga gira, na shan ruwan zafi da zuma a ɓoye, na gwada muryar a mota da tagogi a rufe kamar yadda ta yi ta yi shekara biyu, ko za ta dawo. Ita da ta yi shekara talatin tana sayar wa mata man shafawar da ta san ba ya mayar da komai, ta san abin da ke dawowa da abin da ba ya dawowa.

"Lafiyata ƙalau," ta ce. "Buga."

Ya buga. Ta bi shi, mataki ɗaya, biyu, uku. A na huɗu muryar ta tsage kamar tsohon zanin gado. Ta sake gwadawa, iska ce kawai ta fito.

"Kar ka wahalar da kanka. Shekara biyu ke nan ba na kaiwa. Baki kawai nake buɗewa."

Asger ya gyara zama. Ya ɗora yatsa a tsakiyar piyanon ya fara gangarawa hagu. "Bi ni nan."

"Me zan yi a nan?"

"Ke dai bi ni."

Ta bi shi. Ya sauka, ta sauka. Ya ƙara sauka, ta tarar har yanzu akwai wuri. Wani sauti mai kauri ya fito daga ƙirjinta, wanda ba ta taɓa ji ba sai da safe in ta amsa waya kafin ta sha kofi, mai kiran ya ce a ba shi matar gidan. Asger ya wuce inda matan sahu na biyu ke tsayawa, ya ci gaba. Kunnuwansa sun daina ja.

"Kin san inda kike yanzu? Sahu na uku. Wurin maza." Ya juyo a kan kujerar. "Mutum uku ne da ni a can, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya zuwa in ana ƙwallo. Da ni ne mai iko, da yau kin koma can."

"Amma akwai doka ta tara."

"Akwai. Ni ɗan aiki ne, dokar taku ce. Na karanta ta ranar da kuka ɗauke ni, na ce kai, wanda ya rubuta wannan ba ya da tausayi ko kaɗan."

"Ni ce."

Kunnuwan suka koma ja.

Bodil ta san littafin dokokin kamar yadda ta san hanyar gidanta. Ba a taɓa wata doka sai an ba da sanarwar mako biyu an kira taro. Hanya ɗaya ce ta kauce wa wannan: a kawo maganar nan take, kuma kada a sami ko mutum ɗaya da ya ƙi. In aka sami ɗaya, magana ta mutu har shekara ta zagayo, doka kuma ta yi aikinta a yau.

Tana iya ɗaukar kwat ɗinta ta fita ta ƙofar baya. Za a aiko da furanni ranar Litinin, a ce ta gaji ne, kowa ya yi kamar ya yarda. Ta dubi ƙofar bayan. Sannan ta buɗe ta gaban.

Ta yi wa Holger raɗa. Ya ɗaga gira, ya ciro littafin daga jakarsa, ya duba shafin duk da ya haddace shi, ya buga kofi da cokali. "Bodil na da magana."

Ta tsaya inda Asger ke tsayawa. Ba ta taɓa ganin ƙungiyar daga nan ba. Furfura ta fi yadda take zato yawa.

"Shekara biyu da wata huɗu ban yi waƙa a sama ba," ta ce. "Baki nake buɗewa. Muryata ta sauka, kuma ba za ta hau ba. Asger ya ce zan yi amfani a sahu na uku. Doka ta tara ta hana. Ina roƙon a soke ta yau."

Gunhild ta yi tari, ƙila don sabo.

Holger ya gyara tabarau. "Kun ji. In akwai mai magana kafin in tambaya..."

"Akwai."

Ragna ce. Doguwa ce, malamar lissafi, mai irin muryar da ba ta buƙatar ɗagawa. Ba ta fito daga sahunta ba.

"Mahaifiyata ta zo har gidanki, Bodil. Ta tambaye ki ko za a bar ta ta koma sahu na biyu. Kin tuna abin da kika ce mata?"

Bodil ta tuna sarai. Tana iya cewa an daɗe. Shekara ashirin da huɗu, kuma wa zai zargi mace mai shekarunta da mantuwa? Wannan kusan ita ce kaɗai ribar tsufan.

"Na tuna. Na ce mata ƙungiyar waƙa ba gidan tsofaffi ba ce."

Wata daga cikin sababbin shiga ta ja numfashi da ƙarfi. Holger ya dubi littafinsa kamar zai sami mafaka a ciki.

"Haka kika ce," in ji Ragna. "Ban yi zaton za ki maimaita ba."

"Ni ma."

"Ta dawo gida ta zauna a kicin da kwat ɗinta a jiki har yamma. Ko a coci ba ta sake buɗe baki ba."

"Ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba."

"Ban tambaya ba," Bodil ta ce. "A lokacin na ɗauka tsufa laifi ne da wasu mata ke yi saboda sakaci."

Ragna ta dube ta. "Ni na san ba ki waƙa. Tun makon farko. Mai waƙa haƙarƙarinta na motsi, naki kuwa kamar na gunki."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ina jin daɗin kallo."

Babu wanda ya yi dariya, don babu wanda ya tabbata an ba da izini. Holger ya yi gyaran murya.

"To. Maganar ita ce a soke doka ta tara nan take. Mutum ɗaya ya isa ya hana. Duk wanda bai yarda ba, ya ɗaga hannu."

Bodil ba ta dubi kowa ba sai hannun Ragna na dama. Yana riƙe da fensir. Ya bar jikin takardar, ya taso a hankali har kusa da kafaɗa. Bodil ta fara tunanin inda ta rataye kwat ɗinta, da ko za ta iya kaiwa mota kafin fuskarta ta ci amanarta. Hannun ya wuce kafaɗa, ya soke fensirin a bayan kunne, ya koma ƙasa.

Holger ya ƙirga har goma a ransa, kamar yadda ya saba jira a tashar da babu fasinja. "Babu. An soke."

"Kar ki gode mini," in ji Ragna, kafin Bodil ta buɗe baki. "Ba don ke na yi ba, ba kuma na yafe ba ne. Shekarata hamsin da takwas. Na iya lissafi."

Gunhild ta ciro alewar daga bakinta ta naɗe a takarda. "Holger, wannan sokewar, ta shafi har masu mura?"

"Ta shafi kowa."

"To na ji sauƙi."

Wannan karon aka yi dariya, mai ƙarfi fiye da yadda maganar ta cancanta. Bodil ba ta yi ba. Ta ɗauki jakarta da fensirinta daga sahun gaba, ta zagaya ta gefe, ta hau matakala biyu zuwa sahu na uku. Mazan uku suka matsa mata wuri fiye da yadda take buƙata, kamar an kawo musu abin fashewa. Ejvind, wanda ba ya ji sosai, tsohon masunci mai warin taba da ruwan teku, ya miƙo mata rabin takardarsa.

"Me aka ce kin yi?" ya tambaya da ƙarfi.

"Tsufa."

"Oho. Na ɗauka wani abu ne."

Asger ya ɗaga hannu. "Waƙa ta huɗu, daga farko."

Ba ta san layin maza ba. Shekara talatin tana jin sa daga baya kamar ƙugin mota, ba ta taɓa sauraronsa ba. Ta bi yatsan Ejvind a kan takardar, ta ja numfashi, ta shiga da dukan ƙirjinta, kafin lokaci, ita kaɗai, a kan sautin da ba shi ba ne. Ya cika zauren har bango.

Asger ya dakatar da waƙar. "Bodil, kin yi sauri. Kuma kin yi ƙasa da yawa."

"Na ji."

"Har ni na ji," in ji Ejvind.

Ta lashi bakin fensir ta yi alama a wurin. "To a sake mana," ta ce.